Mai Hannu Goma da Fitilarsa

(Bayan sallar isha'i ne, a dakalin ƙofar gidan Sarkin Ruwa. An ɗauke wuta tun la'asar. Sarkin Fawa na gefe yana sakace. Sai ga Ɗan Boko, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Japan ba, ya zo gaisuwa da 'yar leda a hannu.)

Sarkin Ruwa: A'a, mutanen Japan! Me ka gano mana a ruwansu? Ko da yake ba sabon abin da za ka faɗa mini. Shekara arba'in ina kan gora, duk abin da ke motsi a ruwa na san sunan uwarsa.

Sarkin Fawa: Shekara arba'in kana ƙarni dai.

Sarkin Ruwa: Ba da kai nake ba, uban ƙudaje. Faɗi, yaro.

Ɗan Boko: Baba, akwai wani ɗan abu a tekun Toyama, sunansa hotaru ika. Bai fi tsawon yatsana ba, kamar santimita 7. Hannuwansa goma.

Sarkin Ruwa: Ƙaguwa ce.

Ɗan Boko: Ba ƙaguwa ba ce. Shi ba ɓawo, ba ƙaya, ba ƙashi. Masana ma sun ce dangin dodon koɗi ne.

Sarkin Fawa: Tsaya. Ba ƙashi? To me ake cusa wa mai saye a sikeli? Allah ya jiƙan mahautan ƙasar nan.

Ɗan Boko: Amma zuciyarsa uku, Kawu.

Sarkin Fawa (ya gyara zama): Uku? A dabba ɗaya? Ni bajimin sa da girmansa zuciya guda yake ba ni, a yi ta faɗa a kanta. Nawa ne kuɗin jirgi?

Ɗan Boko: Jininsa kuma shuɗi ne, don sinadarin tagulla ne a ciki, ba na ƙarfe irin namu ba. In an matsa masa ya feso tawada ya ɓace.

Sarkin Ruwa: Yaro, wannan ba kifi ka gani ba. Mutanen ɓoye ne. Ka yi bisimilla kafin ka kalle shi?

Ɗan Boko: Ai ban zo kan babban ba tukuna. Haske yake bayarwa, shuɗi fes. A kan hannuwansa biyu akwai manyan fitilu uku-uku, kowane ido kuma an kewaye shi da biyar, ga ɗaruruwan ƙanana a jiki. Shi ya sa a 1905 wani masani, Watase, ya raɗa masa sunan ƙwaron nan mai walƙiya da dare, maƙesu.

Sarkin Ruwa: In lantarki ne ai muna da shi. Ka manta minjirya?

Sarkin Fawa: Minjiryarka irin wutar unguwar nan ce. Ta ja ka ta yar, amma haske ko na ashana babu.

Sarkin Ruwa: To shi uban me yake haskawa a ƙarƙashin ruwa? Allura ya yar?

Ɗan Boko: Ɓuya yake yi, Baba.

Sarkin Ruwa: Ɓuya! Da fitila! Sarkin Fawa, kuɗin makarantar yaron nan sun bi ruwa.

Ɗan Boko: Ka ji yadda abin yake. Babban kifi na ƙasa yana duban sama, duk abin da ya gifta sai ya ga inuwarsa baƙa. Shi kuwa sai ya kunna fitilun cikinsa daidai da ɗan hasken da ke saukowa, inuwar ta ɓace.

Sarkin Fawa: Na gane. Kamar mai bashina da ke sa farar riga ya shige sahun gaba ranar Juma'a.

Sarkin Ruwa: Bar batun bashi. Da me ake kama shi? Homa ko birgi?

Ɗan Boko: Taru ne kafaffe, a girke shi a teku kusa da gaɓa, ba a ja. Wurin kamar rijiya yake, kana barin gaɓa kaɗan sai zurfi, tsakiyarsa ya wuce mita 1,000. Da rana suna can ƙasa, mita 200 zuwa sama da haka. Daga watan Maris zuwa Mayu sai matan su hauro da dare su zuba ƙwai, a hanyar komawa su faɗa tarun. Wajen ƙarfe uku na dare masunta ke fita daga garin Namerikawa. Ana ɗaga tarun sai ruwa ya kama da shuɗin haske. Har jirgi ake cikawa da 'yan kallo, kowa ya biya.

Sarkin Ruwa: A biya kuɗi don a kalli masunci yana aiki?

Sarkin Fawa: Su can suna wanka ne.

Sarkin Ruwa: Ka ce mata ke haurowa. Mazan fa?

Ɗan Boko: Kusan duk abin da ke shiga tarun mata ne. Mazan da an gama barbara suke mutuwa. Matan ma suna zuba ƙwai su bi su. Duka rayuwar shekara ɗaya ce.

Sarkin Fawa: Kai! Ko kuɗin cefane bai jira ya bayar ba. Ashe zuciya ukun ba ta jarumta ba ce.

Ɗan Boko: Wani daren ma, in babu farin wata kuma teku ta kwanta, sai igiyar ruwa ta watso su kan rairayi, gaɓa ta yi shuɗi. Mutanen wurin na kiran abin "jefa kai". Kowa ya fito da tocila da 'yar koma da bokiti ya kwasa.

Sarkin Ruwa (ya yi shiru, sannan ya rage murya): Ya kawo kansa bakin gaɓa. Ya kuma kunna fitila don kada a sha wahalar nemansa. Yaro, kada ka kuskura ka ba da labarin nan a gaban matana. Jiya tun asuba nake ruwa, tarwaɗa biyu na kawo.

Sarkin Fawa: Ɗaya da rabi. Na gani.

Sarkin Ruwa: Yaya ake cinsa?

Ɗan Boko: A tafasa, a cire idanun, a dangwala da miso, wata irin daddawarsu ta waken suya, da ɗan tsami. Mai son ɗanye sai an daskarar da shi kwana huɗu a sanyi mai tsanani, saboda wata tsutsa da ke cikin hanjinsa. Ga busasshe ma na kawo muku tsaraba.

(Sarkin Ruwa ya zaro ɗaya daga ledar, ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa shi a gwiwa kamar tocilar da batirinta ya yi sanyi.)

Sarkin Ruwa: Ina makunnin?

Ɗan Boko: Baba, ai ya mutu. Sai mai rai ke haske.

Sarkin Ruwa: Ba mamaki sai ya ji ɗumi. (Ya jefa a baki, ya tauna, ya haɗiye, ya ɗage riga ya dubi cikinsa.) Yaro, kashe wayar nan taka. Sarkin Fawa, matso ka duba. (Ya wangame baki.) Ya kama?

Sarkin Fawa (ya leƙa, ya ja da baya yana fifita hanci): Akwai ɗan ja-ja can ciki, amma ina jin goron la'asar ne. Miƙo ledar, wataƙila sai an sa biyu.