Komoros ƙasa ce, ba gonar Faransa ba

Maganar da aka yi jiya a teburin mai shayi har yanzu tana ci mini rai. Wai Komoros "ai ba ƙasa ba ce, ɗan tsibiri ne da Faransa ke riƙe da shi." Mai faɗar kuma ba jahili ba ne, da digirinsa, jama'a na ta gyaɗa masa kai.

To Komoros ƙasa ce. Ta ayyana 'yancin kanta ranar 6 ga Yuli 1975, babban birninta Moroni, tana da shugaban ƙasa da majalisa da kuɗinta. Tsibirai uku ne a hannun gwamnatinta, Ngazidja da Ndzuwani da Mwali, can a tekun Indiya tsakanin Mozambik da Madagaska. Kusan kowa Musulmi ne mabiyin mazhabar Shafi'i. Harsunan hukuma uku ne: Shikomori, ɗan'uwan Suwahili, sai Larabci da Faransanci.

Na san inda ruɗanin ya samo asali, kuma nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Ku dubi tutarsu: jinjirin wata da taurari huɗu. Tsibirai uku, taurari huɗu. Na huɗun shi ne Maore, wanda Faransawa ke kira Mayotte. A ƙuri'ar raba gardama ta 1974 akasarin mutanen can suka zaɓi zama da Faransa, ita kuma ta riƙe shi, har ta mayar da shi yankinta sosai a 2011. Komoros ba ta taɓa yarda ba. Har yau matasa daga Ndzuwani na shiga ƙananan kwale-kwale da suke kira kwasa-kwasa cikin dare don tsallakawa Maore, da yawa teku ta cinye su. Duk wanda ya ce Komoros ta Faransa ce, gyambon mutanen nan ya fama.

Za a ce mutanensu ba su kai miliyan ɗaya ba. To sai me? A Majalisar Ɗinkin Duniya ƙuri'a ɗaya gare su, ƙuri'a ɗaya gare mu 'yan Najeriya. A 2023 shugabansu Azali Assoumani ne ya jagoranci Tarayyar Afirka, shi ya zauna a kujerarta a Delhi ranar da aka karɓe ta cikin G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki. Ɗan tsibirin Faransa ne zai zauna a wannan kujera?

Za a ce juyin mulki ya yi musu yawa, fiye da ashirin har da yunƙurin da bai yi nasara ba, da hannun sojan hayar nan Bob Denard a ciki. Gaskiya ne, kuma mu ba mu da bakin yi musu gori. Amma bayan Ndzuwani da Mwali sun yi yunƙurin ɓallewa a 1997, sai suka zauna suka rubuta karɓa-karɓa a cikin tsarin mulkin 2001, shugabanci ya riƙa zagaya tsibiran. Mu har yau namu karɓa-karɓar a baki yake, kowane zaɓe sai an yi ta sa-in-sa. Azali ya sauya tsarin a 2018 ya buɗe wa kansa ƙofar tazarce, ban goyi bayansa ba ko kaɗan, amma wannan rigimar 'yan ƙasa ce da shugabansu.

Ni tun Janairun 2022 suka shiga raina, ranar da suka doke Ghana 3 da 2 a Garwa a gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka. Da suka haɗu da Kamaru, korona da rauni sun hana su masu tsaron gida, ɗan baya Chaker Alhadhur ya sa safar hannu ya tsaya a raga. Tun farkon wasa aka kori ɗan wasansu ɗaya, suka ƙarasa da goma, kuma 2 da 1 kawai Kamaru ta doke su.