Gigin tsufa: Kada a kulle tsoho a ɗaki da sunan tausayi

Abu na farko da gidaje da yawa ke yi idan tsohonsu ya fara mantuwa shi ne su zaunar da shi. Baba ya ɓata hanya sau ɗaya yana dawowa daga masallaci, sai 'ya'ya su taru su yanke cewa daga yau sallarsa a ɗaki. Inna ta zuba gishiri sau biyu a miya, sai a karɓe mata ludayi. Niyyar mai kyau ce, amma a ganina da wannan ake ƙara wa cutar gudu.

Gigin tsufa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho take kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 na su suna ƙasashe marasa ƙarfi ko masu matsakaicin ƙarfi ne irin namu. Har yau ba a samu maganin da ke warkar da ita ba. Sai dai a 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da idan aka magance su za a iya kauce wa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar ko a jinkirta ta. Akwai hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani, rashin motsa jiki da kaɗaici. Lissafin na rigakafi ne, amma shawarar da likitoci ke ba wanda cutar ta fara taɓawa ba ta bambanta ba.

To, tsohon da aka hana fita me ya rage masa? Tattakin da yake yi sau biyar a rana ya tafi, gaisuwar bayan sallah ta tafi, hirar majalisa ta tafi. Abin da ya fi shi ne a haɗa shi da jika ya raka shi ya dawo da shi. Ita kuma Inna, idan wuta ta zama haɗari gare ta, a ajiye mata tire ta tsince wake ko ta tsinke zogale tana jin hayaniyar gida. Abin da mutum ya haddace tun yana yaro yakan daɗe bai gushe ba, don haka a zauna a yi tilawa tare da shi.

Kuma a kai shi asibiti da wuri, kafin a fara zancen asiri ko aljanu. Wata mantuwar daga ƙarancin sinadarin bitamin B12 take, wata daga matsananciyar damuwa, kuma waɗannan suna da magani. A auna jini, a duba kunne, a cire yanar ido. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce mai jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ne ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake kashewa a wannan jinya. A gidajenmu sau da yawa suruka ce. Ita ke wanka da wanki, ita ke tashi tsakar dare, kuma ita Inna za ta nuna ta ce ta sace mata kuɗin da ta ɓoye ƙarƙashin katifa ta manta. Gardama ba ta da amfani a nan. "Inna, bari mu duba tare" ya fi. Amma wajibi ne mijinta da danginsa su san cuta ce ke magana, kada a ɓata wa baiwar Allah suna.

Ɗan da ke Abuja ko Legas, kiran waya ranar Juma'a bai sauke masa nauyi ba. A raba kwanakin jinya tsakanin 'ya'ya, a ware kuɗin magani kowane wata, a samar wa mai jinya daren da za ta yi barci da ranar da za ta je gidansu. Kuma tun Baba yana gane mutane, a zauna da shi gaban shaidu a rubuta bashin da ake binsa, wanda yake bi, iyakokin gonakinsa da wasiyyarsa.