Allurar koren rini a ɗakin tiyata ba irin hasken hoton ƙashi ba ce

Na gaji da jin ana cewa rinin da likitocin tiyatar gyaran jiki ke zubawa a jijiya don ganin gudanar jini yana ƙona jiki kamar hasken hoton ƙashi. Tsoron yana da dalili, domin duk wanda ya ji an ce jikinsa zai riƙa haske a na'ura, dole hankalinsa ya tashi.

Amma ba haka abin yake ba. Rinin, wanda ake kira ICG, ba ya fitar da wani haske mai cutarwa. Da zarar ya shiga jini sai ya manne da sinadaran furotin, ya bi duk inda jinin ya bi. Likita ya haska wurin da wani haske da ido ba ya gani, rinin ya mayar da shi, kyamara ta musamman ta ɗauka. Cikin 'yan mintuna hanta ta kwashe shi, ya fita ta matsarmama. Tun 1959 aka amince da amfani da shi a Amurka.

A ce an cire wa mace nono saboda ciwon daji, ana so a sake gina shi. Fatar da ta rage na iya yin kyau a ido, alhali jini bai kai gefenta ba. A allo, gefen zai fito duhu, sai likita ya yanke shi tun kafin ya mutu ya ruɓe.

Abin da ya kamata a kula da shi kuwa shi ne aidin da ke cikin rinin. Wanda jikinsa ba ya jituwa da aidin ya sanar da likita kafin a shiga tiyata.