Lissafin da kotu ta ƙi karɓa

Wani abokina da ya yi shekara biyu yana karatu a Amurka ya dawo da magana guda da ba ya gajiya da maimaita ta duk sanda hira ta biyo ta kan baƙaƙen fatar ƙasar. Yakan ce, "Malam, ku daina biye wa kukansu. Ka leƙa gidan yari ka gani, su ne maƙil. Ruwa ba ya tsami banza." Ranar da ya sake faɗa muna zaune a teburin mai shayi, kowa ya gyaɗa kai, har da wani Bafulatani da ke cikinmu. Shi kuwa wannan bawan Allah ko minti goma bai yi ba da gama ba mu labarin yadda aka sauke shi shi kaɗai daga mota a wani shinge, aka zazzage jakarsa a kan kwalta, sauran fasinja na zaune suna kallo ta taga.

Abokin nawa bai yi ƙarya a lissafi ba. Baƙaƙen fata kusan kashi 13 ne cikin 100 na mutanen Amurka, amma su ne kusan kashi ɗaya bisa uku na fursunoninta. A gidajen yarin jihohi, yawan ɗaure baƙi ya ninka na farare kusan sau biyar idan aka auna da adadin kowane jinsi. Inda muka raba hanya da shi shi ne a kan abin da wannan lissafi yake ƙirgawa. Shi yana ganin masu laifi ake ƙirgawa. Ni kuwa ina ganin waɗanda aka kama ne ake ƙirgawa, kuma tsakanin aikata laifi da shiga hannu akwai ɗan sanda, akwai doka, akwai mai gabatar da ƙara, kowannensu yana da zaɓin inda zai duba da inda zai kau da kai.

Tabar wiwi ta isa misali. Binciken da gwamnatin Amurka ke yi a kan shaye-shaye ya daɗe yana nuna cewa baƙi da farare kusan daidai suke shan ta. Amma a 2013 ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta bi alƙaluman 'yan sanda ta gano cewa an fi kama baƙar fata da laifin riƙe wiwi har kusan ninki huɗu. Masuncin da ya shekara yana jefa koma a tafki ɗaya, in aka tambaye shi inda kifi yake, ai tafkin nan zai nuna, kuma kwandonsa zai ba shi gaskiya.

A birnin New York an ga wannan jifan koma ƙuru-ƙuru. A 2011 kaɗai, 'yan sanda sun tsayar da mutane a titi sau 685,724 suna yi musu tambayoyi, da yawansu har da laluben jiki. Kusan tara cikin kowane goma an sallame su babu kamu, babu sammaci. Da maganar ta je gaban mai shari'a Shira Scheindlin a 2013, aka baje mata bayanan tsayarwa sama da miliyan 4 tun daga 2004: fiye da kashi 80 cikin 100 baƙaƙe ne ko 'yan asalin Latin Amurka. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne an fi samun makami a jikin farare idan an lalube su. Dalilin a bayyane yake. Kafin ɗan sanda ya tare farar fata sai ya ga wani abin zargi na gaske, shi kuwa baƙi ganinsa kawai ya wadatar. Mai shari'ar ta yanke cewa tsarin ya saɓa wa kundin mulki. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ma ta tarar da irin wannan a garin Ferguson a rahotonta na 2015: an fi caje motar baƙi ninki biyu, amma an fi samun haramtaccen kaya a motar farare.

Akwai wata dabara da masu bincike a Jami'ar Stanford suka yi amfani da ita wadda ta burge ni saboda sauƙinta. Sun tattara bayanan tsayar da direbobi kusan miliyan 100, sai suka duba abin da ke faruwa idan rana ta faɗi. Da duhu ya shiga, lokacin da ɗan sanda ba ya iya ganin fuskar direba daga nesa, sai kason baƙi cikin waɗanda ake tsayarwa ya ragu. Titi ɗaya, direbobi iri ɗaya, haske kawai ya canza.

Wannan duk a titi ke nan. Ita kanta dokar ma ba ta fita ba. A watan Yunin 1986 wani matashin ɗan wasan ƙwallon kwando, Len Bias, ya mutu sakamakon shan hodar iblis kwana biyu bayan ƙungiyar Boston Celtics ta ɗauke shi. Ƙasa ta ruɗe, zaɓe na ƙaratowa, majalisa ta yi maza ta zartar da doka. Hodar iblis iri biyu ce a kasuwa: gari da ake shaƙa, wadda mai kuɗi ya fi saye, da wadda aka dafa ta dunƙule kamar tsakuwa, ana kiranta kirak, ana sayar da ita ƙanana-ƙanana da arha a unguwannin talakawa. Sinadarinsu ɗaya. Amma dokar ta ce wanda aka kama yana safarar giram 5 na kirak zai sha ɗaurin aƙalla shekara biyar, shi kuwa mai gari sai ya kai giram 500 kafin ya sami wannan hukunci. Giram 5 fa bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi na sukari ba. A kotunan tarayya, wajen takwas cikin goma na waɗanda aka ɗaure kan kirak baƙaƙe ne.

Babu kalmar "baƙi" ko "fari" a cikin wannan doka, kuma gaskiya ita ce wasu 'yan majalisa baƙaƙe sun goyi bayanta saboda suna ganin yadda ƙwayar ke cinye unguwanninsu. To amma an ga sakamakon tun farkon shekarun 1990, hukumar tsara hukunci ta ƙasar ta nemi a gyara a 1995, majalisa ta ƙi. Sai a 2010 Obama ya sa hannu aka rage giɓin daga ninki 100 zuwa ninki 18, sai kuma a 2018 Trump ya sa hannu a dokar da ta bai wa waɗanda aka ɗaure da tsohon ma'auni damar neman sassauci. Kuskure na shekara ɗaya ana iya kiransa kuskure. Wanda aka sani aka bar shi har ya kai shekara ashirin da huɗu kuwa, sai a nema masa wani suna.

Yanzu bari in ba abokina haƙƙinsa, domin akwai inda hujjar masunci ba ta kaiwa. Kisan kai ba ya jiran ɗan sanda ya zo sintiri kafin a ƙirga shi, gawa ba ta ɓuya. Kusan rabin waɗanda ake kashewa a Amurka kowace shekara baƙaƙe ne, kuma mafi yawansu baƙi 'yan uwansu ne ke kashe su, kamar yadda mafi yawan fararen da ake kashewa farare ne ke kashe su. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma mai son baƙar fata da ya musanta ta bai taimake su ba. Ana iya bin sawun dalilan: taswirorin gwamnati na shekarun 1930 da suka ja jan layi a kan unguwannin baƙi aka hana su bashin gida, masana'antun da suka kwashe suka bar birane irin su Detroit da Baltimore babu aikin yi, makarantun da kuɗinsu ya dogara da harajin gidajen unguwa, da bindiga da ta fi burodi sauƙin samu a wasu lunguna. Dalili dai ba ya ta da mamaci.

Sai dai a nan ma ga abin da hukuma ke yi da wannan gawa. A 2018 jaridar Washington Post ta bi shari'o'in kisa a manyan biranen ƙasar fiye da hamsin, ta ga an kama wani a kashi 63 cikin 100 idan mamacin fari ne, kashi 47 kawai idan baƙi ne. Wato unguwar da ake tare yaro sau uku a wata saboda ƙullin wiwi, ita ce kuma unguwar da za a harbe yayansa a rufe fayil babu wanda aka kama. Wa zai ba da shaida ga ɗan sandan da jiya ya jingina shi da bango?

Wannan ya kawo ni ga Warren McCleskey, wanda shari'arsa ce ta sa na zauna rubuta wannan sharhi. A 1978 shi da wasu mutum uku suka yi fashi a wani kantin kayan ɗaki a birnin Atlanta na jihar Jojiya, aka harbe wani ɗan sanda farar fata, Frank Schlatt. Aka yanke wa McCleskey, baƙar fata, hukuncin kisa. Lauyoyinsa suka je Kotun Ƙoli da binciken wani farfesan shari'a, David Baldus, wanda ya bi shari'o'in kisa sama da 2,000 a jihar Jojiya. Baƙin da ya kashe fari, kashi 22 cikin 100 an yanke musu kisa. Farin da ya kashe fari, kashi 8. Farin da ya kashe baƙi, kashi 3. Baƙin da ya kashe baƙi, kashi 1. Baldus bai tsaya nan ba, ya cire tasirin abubuwa da dama da za a iya fakewa da su, irin su munin kisan da tarihin mai laifin, duk da haka wanda ya kashe fari ya fi wanda ya kashe baƙi fuskantar hukuncin kisa fiye da ninki huɗu. Jihar ta yi wa rai farashi, kuma farashin ya danganta da launin wanda aka binne.

Kotun ba ta ce binciken ƙarya ne ba. Ta ɗauka cewa daidai ne, sannan a 1987 alƙalai biyar cikin tara suka ce bai wadatar ba. Mai shari'a Lewis Powell, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce dole McCleskey ya nuna cewa a shari'arsa shi kansa wani ya nufe shi da wariya da gangan. Ya ƙara da cewa in aka karɓi wannan hujja, to za ta jefa tsarin hukunta masu laifi baki ɗaya cikin shakku. Mai shari'a William Brennan, cikin waɗanda suka ƙi yarda, ya ce wannan tsoro ne na kada adalci ya yi yawa.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Idan ana son a ɗora wa jinsi guda laifi, alƙaluma sun isa hujja, babu mai cewa a kawo shaida a kan kowane mutum ɗaya ɗaya kafin a tare shi a titi. Idan kuma alƙaluman suka juya suka nuna hukuma da yatsa, sai a ce lissafi ba shaida ba ne, a kawo mutumin da ya furta da bakinsa cewa don launi ya yi. Wane mai gabatar da ƙara ne zai furta?

Don a ga nauyin shaidar da ake nema, a dubi Curtis Flowers na jihar Mississippi. An zarge shi da kashe mutum huɗu a garin Winona a 1996, kuma mai gabatar da ƙara guda ɗaya ya gurfanar da shi har sau shida a kan zargi ɗaya. A Amurka mutanen gari goma sha biyu ake zaɓa su saurari shari'a su ce an yi laifi ko ba a yi ba, kuma kowane ɓangare na da damar cire wasu daga cikin waɗanda aka gayyato. A zama shidan nan, mai gabatar da ƙarar ya cire 41 daga cikin baƙaƙe 42 da yake da damar cirewa. Sai da abin ya kai haka Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2019, aka janye tuhumar a 2020. Flowers ya riga ya yi fiye da shekara ashirin a tsare. Wanda nasa mai gabatar da ƙarar ya fi wayo, ya cire talatin maimakon arba'in da ɗaya, yana can har yanzu.

Ban faɗa wa abokina duk wannan a wurin mai shayi ba, shayin ma ya huce kafin in kai rabi. Na dai tambaye shi ko zai yarda a auna mu da wannan mudu, mu da kanun labarai ke manna wa sunan ƙabila duk sanda aka sace mutum a hanya, amma a ce "wasu 'yan bindiga" idan mai laifin ɗan gida ne. A watan Maris na 2025 an tare mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa gida yin Sallah, aka ga bindigogin farauta, aka kashe mutum 16 ba tare da an kai su gaban kowane alƙali ba. Waɗanda suka yi wannan aiki su ma cewa suke ruwa ba ya tsami banza. Laifi tudu ne, kuma mu ma in aka zo maganar wasu ƙabilu muna da namu lissafin da muke karantawa a majalisa.

Shi kuwa Lewis Powell ya yi ritaya 'yan watanni bayan wancan hukunci. Daga baya mai rubuta tarihin rayuwarsa ya tambaye shi ko akwai shari'ar da zai so ya canza ƙuri'arsa a kai. Ya ce akwai, ta McCleskey. Ƙuri'a ɗaya ce dama ta raba biyar da huɗu. Hukuncin yana nan daram a matsayin doka har yau, in ban da jihohi ƙalilan irin su Kalifoniya da suka yi tasu dokar ta karɓar alƙaluma a matsayin shaidar wariya. A ranar 25 ga Satumba, 1991, jihar Jojiya ta ɗaure Warren McCleskey a kujerar lantarki ta kashe shi.