Bakano da Bazazzagi a Guangzhou: ɗaki mai taga da mara taga

A bakin tashar jirgin ƙasa ta Xiaobei da ke birnin Guangzhou na ƙasar China ɗalibin da zai yi musu tafinta ya tarar da su, Bakano na zaune kan Ghana-must-go yana ta tsaki.

Ɗalibi: Sannunku da hanya Alhaji, ya na ga ranka a ɓace?

Bazazzagi: Kilishinsa kwastan suka ƙwace a filin jirgin Baiyun, wai ba a shigo da nama. Tun can yake zaman makoki.

Bakano: Kilishin wata guda fa! Kai yaro, otal za ka samo mana mafi araha a garin nan, kwana 30 za mu yi, kuma ni kaya na zo saye ba barci ba.

Ɗalibi: To Alhaji akwai na yuan 70 a lungun can, amma ba lallai su karɓe ku ba, wasu ƙananan da sun ga fasfo sai su hau girgiza kai, wai ba su iya shigar da baƙo a na'urar ƴan sanda ba.

Bakano: Ina ruwan ƴan sanda da inda na kwana? To mu je wajen ɗan ƙanena a Sanyuanli mu shimfiɗa tabarma.

Ɗalibi: Wannan kuma cikin awa 24 sai kun je ofishin ƴan sanda da fasfo da takardar gidan an rubuta ku, in ba haka ba tara ce. Otal su suke yi maka da kansu.

Bazazzagi: Ni dai yaro ga buƙatuna. Taga, wajen shanya kaya don na ji ana cewa iskar garin nan jiƙe take riga sai ta kwana biyu bata bushe ba, gidan abincin musulmi kusa ko da ƴan taliyar Lanzhou ne, sannan ran Juma'a kar in sha wuya zuwa masallacin Abi Waqqas.

Bakano: Ji shi kamar mai neman aure.

Suka shiga wani otal, yarinyar kanta ta danna kwakuleta ta juyo musu, 180. Bakano ya karɓe ya danna 60. Ta yi dariya ta kira ƙawarta ta zo ta gani.

Ɗalibi: Ta ce in wata guda za ku biya gaba ɗaya ta bar muku 150, kuma wallahi Alhaji ku biya yau, don ranar 15 ga Oktoba ake buɗe Canton Fair, babban baje kolin kayan kasuwanci na garin nan, da an buɗe kuɗin ɗaki sai ya ninka ko ya fi, wanda ke biyan kullum-kullum shi ke kuka. Akwai kuma kuɗin ajiya, ranar fita a mayar muku in ba ku ɓata komai ba.

Bakano: Ni zan ba ta ajiya? Ita ta san ni ne ko ni na san ta? Tambaye ta babu na ƙasa da haka?

Ɗalibi: Akwai na 100, amma ba taga.

Bakano: Alhamdulillahi! Taga cinta zan yi? Yuan 50 sau 30, dubu ɗaya da ɗari biyar kenan Bazazzagi zai biya don ya kalli bangon maƙwabta. Karin kumallo fa kyauta ne?

Ɗalibi: Kyauta ne, amma burodin nan mai tururi kar ka taɓa, yawanci alade ne a ciki. Ƙwai da kunun shinkafa dai.

Bakano: To a cire min kuɗin aladen.

Kwana huɗu bayan nan, Bazazzagi na ninke rigunansa da suka bushe a taga aka buga ƙofa. Bakano ne da buta a hannu, ido a kumbure.

Bakano: Mutumina an kira asuba kuwa?

Bazazzagi: Wace asuba, ƙarfe biyu na rana! Yaron nan ya gaji da buga maka waya, motar masu tayil ta Foshan ta jira ka awa guda ta tafi.

Bakano: Agogona bakwai ya nuna.

Bazazzagi: Bakwai ɗin Kano. Awa 7 ce tsakani, ba ka juya ba?

Bakano: Ɗakin nan dare da rana duk ɗaya ne, ga katan-katan na samfur sun cinye rabin gado, jallabiyata tun Talata take ɗiga, warin ta ma har ya fara yi min sallama. Na je a canza min sun ce an fara Fair, mai taga yanzu 400.

Bazazzagi: Allah sarki.

Bakano: Ka bar ni in ɗan shanya a nan, in kuma riƙa leƙowa ina ganin rana. Ai mu ƴan uwa ne, Kano da Zariya.

Bazazzagi ya jawo kwakuleta ya danna ya juyo masa.

Bakano: 60?! Na me?

Bazazzagi: Shanya 30, leƙe 30. In wata za ka biya gaba ɗaya a yi maka ragi, amma akwai kuɗin ajiya.