Ɗurin hunturu ba ya zama ɗurin bazara

A ƴan kwanakin nan na zauna da wasu maharba a nan Tawa, hira ta kai mu ga batun albarushi, sai na lura kusan dukkansu abu ɗaya suke tsoro, wato danshi. Suna da gaskiyarsu, domin albarushin gargajiya da iyayenmu ke ɗura wa bindigar toka yana shan laima, idan ya sha kuwa sai ya ƙi tashi, shi ya sa tsofaffi kan shanya shi su adana a wuri busasshe. Matsalar ita ce waɗanda suka koma ga bindigar zamani, musamman ƙalilan ɗin da ke sake ɗura kwanson harsashi da hannunsu, sun taho da wannan tunani cewa rana abokiyar albarushi ce. Ni kuwa ra'ayina shi ne, ga albarushin zamani a ƙasa irin tamu, zafi ya fi danshi haɗari nesa ba kusa ba.

Albarushi marar hayaƙi, wanda Bafaranshen nan Paul Vieille ya samar a 1884, ba fashewa yake yi gaba ɗaya ba, ƙonewa yake yi cikin sauri, kuma saurin ƙonewar yana ƙaruwa idan ƙwayoyinsa sun riga sun ɗauki zafi kafin a harba. Ma'auni ɗaya, harsashi ɗaya, bindiga ɗaya, amma matsin da ke tasowa cikin bututu da tsakar ranar watan Afrilu ya fi na sanyin asubar Janairu. Masu gwada harsashi a Turai da Amurka suna yin awonsu a zafin da ke kusa da digiri 21, kuma a kan irin wannan yanayi aka gina yawancin alƙaluman da ke cikin littattafan ɗuri. Mu a nan Adar, wato yankin Tawa a Nijar, Afrilu da Mayu suna haura digiri 40 a inuwa, balle harsashin da aka bari gaban mota a rufe tun hantsi, wanda ko taɓa shi da hannu ba ka iyawa.

Ga inda kuskuren yake faruwa. Mutum ya gwada ɗurinsa lokacin hunturu, ya ƙara kaɗan-kaɗan har ya kai iyaka, ya ga komai lafiya, sai ya ɗauka ya gama. Bazara na shigowa, sakatar bindiga ta fara yin tauri wajen buɗewa, gindin kwanso ya fito da tabo, harbi ya riƙa sauka sama da inda aka saba. Da yawa sai su ɗora laifin kan bindiga ko ƙura, alhali ƙarfe ne yake faɗa musu matsi ya wuce kima. Wanda ya ga waɗannan alamu ya ci gaba da harbi, da idonsa da yatsunsa yake caca.

Turawan Ingila sun sha wannan darasi tun da daɗewa. Albarushinsu mai suna kodayit, wanda suka fito da shi a 1889, yana da saurin jin zafi, har ya sa masu ƙera harsashin farautar manyan namun daji suka riƙa yin ɗuri na musamman mai ragaggen ma'auni domin Afirka da Indiya, suka kuma faɗaɗa kwanso domin matsi ya sauka. Harsashin .416 Rigby na 1911 da irin wannan tunani aka yi masa ƙaton kwanso. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, baƙo ya yi wa ranarmu lissafi fiye da shekara ɗari da suka wuce, mu da muka tashi a cikinta ba mu yi ba.

Na san za a ce yanzu akwai albarushin da aka inganta, kamar Varget da H4350 na kamfanin Hodgdon, waɗanda ba sa sauyawa sosai tsakanin sanyi da zafi. Haka ne, amma rage sauyi aka yi, ba a kawar da shi ba, kuma wanda ya sayi gari a kwalbar da ba ta da suna bai ma san abin da ke hannunsa ba. Ban da haka, zafi na tsawon lokaci yana lalata albarushin kansa, yana cinye sinadarin da ke hana shi ruɓewa, har ya fara wari mai tsami da ƙura ja. Irin wannan lalacewa aka ɗora wa alhakin fashewar jiragen ruwan yaƙin Faransa guda biyu a tashar Tulon, Iéna a 1907 da Liberté a 1911.

Saboda haka mai lasisin bindiga da takardar farauta, idan har zai ɗura da kansa, ya yi gwajinsa a mafi zafin lokacin da zai yi harbi, ya tsaya ƙasa da iyakar da littafi ya gindaya, ya rubuta zafin ranar gwaji a jikin akwatin. Harsashi ya zauna a inuwa, kada ya kwana a mota ko ƙarƙashin rufin kwano, kuma kada a bar shi cikin bututun da ya yi zafi bayan harbi biyu ko uku ana jiran dabba ta fito.