Data ba ta ɓacewa, cinye ta ake yi

Da wuya ka zauna da mutum uku masu wayar zamani ba ka ji ɗayansu yana kukan cewa datarsa ba ta da auki ba. Ya saya ranar Litinin da niyyar ta kai shi ƙarshen wata, kafin Juma'a saƙo ya shigo cewa ta ƙare. Wanda abin ya fi yi wa ciwo shi ne wanda ta ƙare masa bai sani ba, wayar ta ci gaba da shiga intanet, kamfanin sadarwa kuma ya koma cirar kuɗi daga katin da ke kan layin, ko ya rubuta masa ƙari a takardar biyan wata, da tsadar da ta fi ta ƙunshin da ya saya nesa ba kusa ba. Maganar farko da ke fita daga bakin irin wannan mutum ita ce an yi masa sata.

Ni ma na taɓa faɗin haka. Na haɗa kwamfutata da intanet ɗin wayata domin in aika takarda guda ɗaya tak, na tashi na bar su tare na ɗan lokaci, da na dawo na tarar da datar wata guda ta tafi, kuɗin katin ma ya bi bayanta. Har na fara shirya kalaman da zan gaya wa kamfanin, sai na buɗe sashen lissafin data a saitin wayar, na ga kusan duk abin da aka ci an rubuta shi ne a kan kwamfutar. Ita ba ta san bambancin intanet ɗin waya da Wi-Fi marar iyaka ba, don haka da ta samu hanya sai ta hau sauke sabuntawar Windows, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, da ta daɗe tana jira. Ashe ɓarawon a jakata yake kwana.

Abin da na fahimta tun daga ranar shi ne, masu ƙera wayoyi da manhajoji sun tsara su ne da tunanin mutumin da ba ya ƙirga megabait. Bidiyo yana kunna kansa da zarar ka iso kansa a Facebook ko Instagram, manhajojin gajerun bidiyo kan fara sauke na gaba tun kana kallon na yanzu, hotuna na hawa ma'ajiyar Google Photos ko iCloud, sannan WhatsApp na iya kwaso duk abin da aka turo a zaure mai mutum ɗari biyu idan ba a hana shi ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke neman izini a kowane karo, kuma da yawansu suna aiki ne alhali wayar tana aljihu.

A cikin duka, bidiyo ne babban maciyi. Netflix, kamfanin nuna fina-finai ta intanet, da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya da ingancin hoto na HD yana iya cin gigabait 3, na 4K har gigabait 7, yayin da mafi ƙanƙantar inganci ke cin kimanin kashi uku cikin goma na gigabait. Ke nan mai gigabait 5 zai iya ƙarar da ita cikin ƙasa da awa biyu, ko kuma ta kai shi awa 16, gwargwadon abin da ya zaɓa. A fuskar waya mai inci shida kuwa, ido ba ya ganin bambancin da ya cancanci wannan asara. Saƙon rubutu ba abin damuwa ba ne, ko dubu ka aika ba za su kama ƙafar bidiyon minti biyar ba.

Kayan kariya suna nan cikin wayar, rashin dubawa ne matsalar. Tun 2011 wayoyin Android suke ba mutum damar sa iyakar data, da ranar da watansa ke farawa, da adadin da yake so a gargaɗe shi, har wayar ta yanke intanet da kanta idan an kai iyakar. A 2016 aka ƙara tsarin tsimi na Data Saver, wanda ke hana manhajoji aiki a bayan fage, Apple kuma ya kawo makamancinsa, Low Data Mode, a 2019. Sai dai mai iPhone ya lura cewa lissafinsa a yawancin layuka ba ya komawa sifili da kansa, sai ya share shi ranar da ya sayi sabuwar data, in ba haka ba adadin da zai gani na watanni ne da suka taru. Haka nan Wi-Fi Assist, wanda ke mayar da waya kan data a ɓoye idan Wi-Fi ya yi rauni, a kunne yake zuwa. Ita ma Windows tana da wurin da ake shaida mata cewa wannan intanet ɗin a kan awo yake, ta dakatar da yawancin abin da take saukewa. Ina ba da shawarar a sa iyakar ƙasa kaɗan da abin da aka saya, domin lissafin waya da na kamfani ba sa zuwa daidai ƙwabo da ƙwabo, kuma da na kamfanin ake caji.

Duk da haka ba zan wanke kamfanonin ba. Mutum ya sayi gigabait 5, yarjejeniyarsa ta gigabait 5 ce, kuma ci gaba da sayar masa da abin da bai nema ba, da tsadar da bai amince da ita ba, ba ciniki ne na gaskiya ba ko da an rubuta shi cikin ƙananan haruffan sharuɗɗa. Kamfanin da ke iya ƙirga kowane kilobait domin ya caje ka, ba zai ce ya kasa tsayar da layinka ya tambaye ka ba. An kuma gwada an gani: tun 2010 Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoninta su gargaɗi matafiyin da ke amfani da data a ƙasar waje idan ya kai kashi 80 cikin 100 na iyakar da aka sa, su kuma yanke idan ya cika ta, sai in shi ya ce a ci gaba. Abin da ya yiwu ga matafiyi zai yiwu ga wanda ke zaune a gida, kuma hukumomin da ke sa ido kan sadarwa su ne ke da ikon mayar da shi doka, ta yadda ƙarin caji zai zama abin da mai layi ya nema da bakinsa.